Sabon Batir Ya Shiga Mota, Tsohon Fa?

Yau zancenmu zai bar madafa ya fita ƙofar gida, inda mota take kwana. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ina ruwan mace da batirin mota? Ai wannan sha'anin maza ne." To, ki yi haƙuri ki saurara.

Gidaje da yawa abincinsu yana rataye ne ga 'yar bas guda. Ko dai maigida ne yake jigila da ita zuwa kasuwannin ƙauye, ko kuwa uwargida ce ta kwashi adashi ta saya, ta ba direba yana kai yara makaranta. Ran da mota ta ƙi tashi, ran nan tukunya ma ba ta hau murhu da wuri. Kuɗin sabon batir sau da yawa daga hannun mace yake fitowa. Tsohon kuma, in aka cire shi, ina ake kai shi? Cikin gida, inda 'ya'yanmu suke rarrafe. Ashe kuwa da ruwanmu har sau biyu.

Mu fara da sanin abin. Batir akwati ne mai ɗakuna shida a ciki. Kowane ɗaki yana da faifayen dalma jiƙe cikin ruwan asid mai ƙuna, wanda muke kira ruwan batir, kowane kuma yana ba da wuta bolt 2 da 'yan kai. In an haɗa su, shi ne ake cewa batir mai bolt 12. Wani Bafaranse mai suna Gaston Planté ne ya ƙago irinsa a 1859, har yau kuwa da shi yawancin motoci suke tashi. Babban aikinsa shi ne ya murza inji ya tashi. Da inji ya kama, sai wata na'ura da bakanikai suke kira altaneta ta riƙa mayar masa da wutar da ya ba da.

Batir ba ya mutuwa bai yi sallama ba. Za a ji inji yana juyawa da ƙyar da safe, fitilu su dushe, ko a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas kawai. Wani lokaci cikin akwatin yakan kumbura. Zafi shi ne babban abokin gābansa, gama yana ƙafar da ruwan ciki, yana cinye faifayen. Don haka batir ba ya daɗewa a ƙasarmu kamar yadda yake yi a ƙasashen sanyi.

Amma kada a yi gaggawar zuba kuɗi. A fara kai motar wurin mai gyaran wayar mota ya auna. Lafiyayyen batir cikakke yakan nuna kusan 12.6 in inji yana kashe. In inji yana aiki, ya kamata awon ya haura zuwa wajen 14. In bai haura ba, laifin na altaneta ne ko na fambel, sabon batir ma in an sa zai bi sawun tsohon cikin 'yan kwanaki. Wani lokaci kuma farin garin nan da yake taruwa a kawunan batir ne ya tare wuta, wanki kaɗai yake so.

In ta tabbata sai an saya, a duba abu huɗu. Na farko, lambar da ke jikin tsohon, wadda take ƙarewa da Ah, kamar 75Ah ko 100Ah. Kada a sayi wanda ya gaza wanda aka ƙayyade wa motar, balle in mai shan gas ce, domin injinta ya fi nauyin murzawa. Na biyu, girman akwatin, don ya zauna daram a mazauninsa. Na uku, gefen da kawunan suke, gama in sun saɓa, waya ba za ta kai ba. Na huɗu, ranar da aka yi shi, domin batir yana tsufa ko yana ajiye a kanti. A karɓi rasit da takardar garanti. Wanda aka wanke aka goge aka ce "kamar sabo", a tuna araha ba ta ado.

Sai sauyawa. A irin waɗannan bas-bas, batir sau da yawa yana ɓoye ne ƙarƙashin kujera ko cikin wani rami a daɓen motar, saboda haka a buɗe ƙofofi iska ta shiga. Batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, don haka ba taba, ba ashana, ba fitilar kananzir a kusa. A kashe inji, a zare makulli. Mai aikin ya cire zobe da agogo; in ke ce za ki sa hannu, ki tuɓe awarwaro da sarƙa, ki ɗaure mayafi. Ƙarfe in ya haɗa kai biyu, nan take yake yin zafin da zai ƙone fata.

Batir yana da kai biyu. Ɗaya mai alamar tarawa (+), ya ɗan fi kauri, sau da yawa da jan murfi. Ɗayan mai alamar ɗebewa (−), shi ne wayarsa take haɗe da jikin mota. Ga ƙa'idar, ku haddace ta kamar jadawalin lissafi: wajen cirewa a fara da mai ɗebewa, wajen mayarwa a ƙare da shi. Dalili kuwa, muddin mai ɗebewa yana haɗe, duk ƙarfen motar hanyar wuta ne. In sufana tana kan mai tarawa ta goga jikin mota, sai tartsatsi, tartsatsi kuwa kusa da iskar nan yana iya fasa batir a fuskar mutum.

Bayan an cire wayoyin, a kwance ƙarfen da ya danne batir, a ɗaga shi a miƙe, kada a karkata. Yana da nauyi ƙwarai, mace mai ciki kada ta ɗauka. A wanke bakin wayoyin da ruwan kanwa, gama kanwa tana kashe kaifin asid, a goge su bushe. A zaunar da sabo, a ɗaure shi tamau don kada gargadar hanya ta farfasa cikinsa, sa'an nan a haɗa mai tarawa, a ƙare da mai ɗebewa, a shafa ɗan giris. Waɗansu motocin zamani sai an sanar da kwamfutarsu cewa an sa sabo. Irin waɗannan a bar wa masu sana'ar. In ruwan batir ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa. In ido ne, ruwa mai tsabta kaɗai, a yi ta zubawa aƙalla minti 15, sa'an nan a ruga asibiti.

To, yanzu mun zo inda na fi so ku buɗe kunne. Tsohon batir kada ya ƙetare zaure. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, dalma kuwa guba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba wani ɗan ƙanƙanen adadinta da aka sani marar lahani a jikin mutum, kuma cikin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta kawo ƙarancin jini. In ta yi yawa sai jijjiga da mutuwa. Tana kwanciya cikin ƙashi shekara da shekaru, in mace ta sami ciki ta fito ta isa ga ɗan tayi. Mu da muke tsayawa gaban allo mun san baƙin cikin yaron da yake ƙoƙari amma karatu ba ya zama. Abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen birnin Dakar a ƙasar Senegal, an daɗe ana farfasa tsofaffin batura don a ciro dalma, har ƙasar wurin ta cika da ita. Da dalma ta yi kuɗi, sai mata suka shiga ɗibar ƙasar suna kaiwa gida suna tankaɗewa, 'ya'yansu na wasa a gefe. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu. Mu ma nan ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce, hanyar ma ɗaya ce: ƙura a tsakar gida, hannun yaro, bakin yaro.

Saboda haka a bar tsohon a hannun mai sayar da sabon. Yawancinsu suna karɓa su rage kuɗi. Kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, kada a narka dalmarsa a murhu, kada a mai da akwatinsa mazubin ruwan kaji. Masu ajiye shi a ɗaka don kunna fitila ko cajin waya su sani ba a yi batirin tada inji don a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf ba. Ko Turawa masu motocin da ake kwana a ciki, batir biyu suke sawa: ɗaya na tada inji, ɗaya na daban don fitila da firji. In maigida sana'arsa ke nan, ya sauya tufafi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki yaro, a kuma wanke kayan aikinsa daban.

Ba na ce kowace mace ta ɗauki sufana ba. Amma ran da za a sauya batir, ki yi tambaya uku: An auna? Wane kai aka fara cirewa? Ina tsohon? Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana zuriya. Sai mako mai zuwa.