Manhajar motsa jiki da ciwon bayan da hutu ke ƙara wa ƙarfi

Akwai wani nau'in ciwon baya da ya saɓa wa abin da muka saba sani. Mai ciwon bayan da ya ɗauki kaya mai nauyi yakan sami sauƙi in ya kwanta. Shi kuwa mai amosanin ƙashin baya mai kumburi, wanda likitoci ke kira ankilosin sifondilaitis, kwanciyar ce ke tsananta masa. Ciwon kan tashe shi a ƙarshen dare, ya wayi gari bayansa a sanƙare fiye da minti 30, ba ya sakewa sai ya motsa. Garkuwar jiki ce ke haddasa kumburi a mahaɗar ƙugu da gaɓoɓin ƙashin baya, galibi tun kafin shekara 45. In abin ya yi nisa, ƙasusuwan na iya mannewa har mutum ya kasa waiwaye.

Shi ya sa motsa jiki a wannan cuta magani ne sosai. Shawarwarin da ƙungiyoyin ASAS da EULAR suka sabunta a 2022 sun sanya shi cikin ginshiƙan jinya, tare da barin taba sigari da shan magungunan rage kumburi irin su naproxen. Wahalar ita ce ɗorewa. Likitan gashin ƙashi yakan koya wa majinyaci miƙe baya, juya wuya da buɗe ƙirji da dogon numfashi, ya ba shi takarda ya tafi gida. Cutar ta tsawon rai ce, takardar kuwa ba ta tunatar da kowa.

A nan manhaja take da amfani, kuma ina goyon bayanta. Tana nuna motsin a bidiyo, tana tunatarwa da safe lokacin da jiki ya fi ƙin tashi, tana kuma ajiye bayanin yadda ciwo ke hawa da sauka, abin da majinyaci kan manta a gaban likita. Jamus ta ɗauki lamarin da muhimmanci: tun dokar 2019, likita na iya rubuta manhajar da hukuma ta tantance kamar yadda yake rubuta ƙwaya, inshorar lafiya ta biya.

Sai dai waɗancan shawarwari sun nuna cewa atisaye a ƙarƙashin kulawar ƙwararre ya fi na gida tasiri. Yawancin manhajoji ba sa ganin mutum ya karkace yayin motsi. Kuma ƙashin bayan da ya manne yana saurin karyewa, don haka abin da ya dace da saurayi a farkon cutar na iya cutar da dattijon da ya shekara 20 da ita. Masu tallar da ke nuna waya za ta maye gurbin asibiti ba sa faɗin wannan.

Babban abin da ke damuna shi ne wanda bai san cutarsa ba. Ko a Birtaniya, ƙungiyar majinyata ta NASS ta taɓa cewa akan ɗauki kimanin shekara 8 da rabi kafin a gano ta. A ƙasarmu kuma akwai wata mai kama da ita: tarin fuka na ƙashin baya, wanda shi ma kan zo da ciwon dare. Wannan ƙashi yake ci, kuma maganinsa ƙwayoyi ne na watanni. Wanda ya sauke manhaja ya dinga lanƙwasa irin wannan baya yana ɓata lokacin da zai iya hana shi shanyewar ƙafafu. Ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi, rama, gumin dare ko mutuwar ƙafa, hoto da gwajin jini yake buƙata kafin komai.

Wanda likita ya riga ya tabbatar masa da amosanin, ya tafi da wayarsa wurin likitan gashin ƙashi, su duba motsin ɗaya bayan ɗaya, a cire masa waɗanda bayansa ba zai ɗauka ba.