Sankarar Hanji: A Fara da Gwaji Kafin Magani

Shekaru da dama, wanda sankarar babban hanji ko ta dubura ta yi wa nisa ba shi da zaɓi sai tiyata, da gashi, da magunguna masu kashe ƙwayoyin cutar tare da galabaitar da jiki. Yanzu an sami wata hanya, wato a sa garkuwar jiki ta yaƙi ƙarin da kanta.

Ga yadda abin yake. Akwai nau'in sankarar da ƙwayoyinta suka kasa gyara kurakuran da kan auku a cikin gadon halittarsu yayin rabuwa. Kurakuran kan taru har ƙwayoyin su zama baƙi a idon garkuwar jiki, sai dai sankarar kan sa wa garkuwar takunkumi. Aikin sababbin magungunan shi ne kwance wannan takunkumi. A 2020 Amurka ta amince a fara da pembrolizumab ga masu wannan nau'i idan ya bazu. A 2022 likitocin cibiyar Memorial Sloan Kettering ta birnin New York suka bayyana cewa majinyata 12 masu sankarar dubura sun karɓi dostarlimab na wata shida, kuma ƙarin ya ɓace a dukkansu.

To amma kada mai karatu ya ɗauka an gama da cutar. Cikin waɗanda sankararsu ta bazu, kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai ke da wannan nau'i. Sauran ba sa amfana, ga kuma tsada mai karya gida. Ba a gane mai shi da ido, sai an gwada tsokar ƙarin.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Binciken da masana na Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da abokan aikinsu suka buga a 2021 ya sami wannan nau'i a wajen kashi 28 cikin ɗari na majinyatan Nijeriya da aka gwada. Saboda haka muna ganin wajibi ne asibitocin koyarwa namu su mayar da gwajin nan ƙa'ida ga kowane ƙarin hanji da aka ciro. Da alkalumansa ne hukuma za ta nemi rangwame wajen kamfanonin magani.

Shi kuma wanda ya ga jini a bayan gidansa, kada ya yanke cewa basir ne. Ya je likita ya duba shi tun cutar ba ta yi nisa ba.