Lafiya Uwar Jiki: Ba Kowane Hoto Ne Ke Nuna Ciwon Haɗiya Ba

Duk wanda ya bi hanyar filin jirgin sama ta Abuja ya ratsa cikin Lugbe zai lura da yawan allunan da aka kakkafa na wuraren ɗaukar hoton ciki da gwajin jini. Wannan ci gaba ne, babu shakka. Sai dai ya zo da wata ɗabi'a: mutum ya ji abinci yana tsaya masa a wuya, ko tsohonsa yana ƙwarewa in ya sha ruwa, maimakon ya fara zuwa gaban likita, sai ya zarce wurin masu hoto ya ce a yi masa sikanin. A karɓi kuɗinsa, a shafa masa mai a ciki, a ba shi takarda mai cewa hanta da ƙoda lafiya lau, ya koma gida da ciwonsa.

Gaskiya ne gani ya kori ji, amma fa sai an duba inda ciwon yake. Sikanin ɗin da ake yi wa masu juna biyu ba ya ratsa iska da ƙashi, saboda haka ba ya ganin bututun abinci da ke kwance a cikin ƙirji. Hoton ƙirji na yau da kullum kuwa ƙashi da huhu yake nunawa. Haɗiya motsi ce, kuma wucewar loma ta maƙogwaro ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. A cikin ɗan wannan lokaci dole ƙofar numfashi ta rufe, ta abinci ta buɗe. Hoton da ke tsaye wuri ɗaya ba zai kama wannan ba.

Tun ba yau ba likitoci suka gane haka. Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, kuma shekara ɗaya bayan haka wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya riƙa ba dabbobi abinci haɗe da wani sinadari da hasken ba ya ratsawa, har da dinya mai dogon wuya, yana kallon yadda loma ke sauka. Daga nan ne aka samo gwajin da ake yi har yau, watau a ba majiyyaci wani farin ruwa mai kauri da ake kira bariyam ya haɗiye, ana ɗaukar hoto yayin da yake gangarawa cikin bututun abinci, wanda tsawonsa ya kai kimanin santimita 25 a jikin babban mutum.

Kafin a kai ga hoto, likita na ƙwarai tambayoyi yake yi. A ina abincin yake tsayawa, a wuya ko a ƙirji? Ruwa ne ke ba da wahala ko tuwo da nama? Amsar waɗannan ce ke zaɓar gwajin.

Idan tari da ƙwarewa ne ke zuwa da zarar an kurɓi ruwa, matsalar tana sama ne, kuma an fi ganinta ga waɗanda suka sami shanyewar ɓarin jiki. Kusan rabinsu sukan sami matsalar haɗiya a kwanakin farko. A nan ne haɗarin ya fi girma, domin akwai majiyyacin da ruwa ko kunu ke zarcewa cikin huhunsa ba tare da ya yi ko da tari ɗaya ba. 'Yan uwa, da kyakkyawar niyya, suna ta ɗura masa koko yana kwance don ya sami ƙarfi. Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama, a ce ai maleriya ce, alhali ciwon huhu ne da kokon ya haddasa. Gwaji biyu ne ke fallasa wannan ɓoyayyiyar ƙwarewa. Na farko hoton eksire mai motsi kamar majigi, wanda Jeri Logemann ta Amurka ta tsara ƙa'idojinsa a littafinta na 1983: a ba majiyyaci bariyam tsararo, sa'an nan mai kauri, sa'an nan a cikin abin tauna, a ga wanne ke bin hanyar da ba tasa ba. Na biyu, wanda Susan Langmore da abokan aikinta suka bayyana a 1988, siririn bututu ne mai kyamara da ake zurawa ta hanci a leƙa maƙogwaro yayin da mutum ke haɗiya. Wannan ba ya buƙatar hasken eksire, ana kuma iya yinsa a bakin gadon mara lafiya. Amfaninsu bai tsaya ga gano cuta ba. A nan take ake gwada ko sunkuyar da haɓa, ko juya kai ɓangaren da ya shanye, ko ƙara wa kunu kauri zai hana ƙwarewar, iyali su koma gida da saninsu maimakon kirdado.

Idan kuwa nama ne ya fara tsayawa a ƙirji, sa'an nan tuwo, har ya kai ga kunu, ga rama, musamman ga wanda ya manyanta, to abin tsoro shi ne ciwon daji. A nan an fi son a zura kyamara ta baki, domin ita ce ke ba da damar tsinko ɗan nama a kai ɗakin bincike. Bariyam inuwa kawai yake nunawa.

Sai kuma maganar yara, wadda ta shafi unguwanni irin Lugbe kai tsaye, inda mata da yawa ke haɗa sabulun ruwa a gida don samun na cefane. Sodar da ake jiƙawa ba ta da bambanci da ruwan sha a ido, kuma sau da yawa a gorar lemo ake ajiye ta. Yaron da ya sha ta, kada a ɗura masa manja, kada kuma a tilasta masa yin amai, domin sodar za ta sāke ƙona inda ta bi. A garzaya da shi asibiti. Likitoci sukan leƙa da kyamara a cikin kwana ɗaya ko biyu na farko don auna ƙunar, hoton bariyam kuwa sai bayan kimanin mako uku, lokacin da tabo ke fara tsuke bututun. Ba a ba da bariyam idan ana zaton bututun ya huje, don in ya zuba cikin ƙirji yakan jawo mummunan kumburi.

Ba kowane wurin ɗaukar hoto ne ke da irin waɗannan kayan aiki ba, balle ƙwararrun da za su fassara abin da aka gani. Mazaunin Lugbe yana da Babban Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, inda ake da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro da sassan ɗaukar hoto. Kafin ya biya ko kwabo, ya kamata ya riƙe takardar likita a hannu, ya kuma tambayi mai hoton ko gwajin nasa yana nuna haɗiya yayin da take faruwa.