Ɗan Ƙauye Ma Yana Da Huhu

Tun da majalisar dokokin Amurka ta ware dala biliyan 5 a shekarar 2021 don musanya tsofaffin motocin ɗaukar 'yan makaranta da waɗanda ba sa gurɓata iska, aka sami masu cewa bas mai aiki da lantarki ta birni ce, ba ta ƙauye ba. Hujjarsu ita ce hanya da nisa, hunturu na rage ƙarfin batir, kuma kuɗin guda ɗaya ya kai na masu shan dizal uku. Mun ji, amma ba mu yarda ba.

Jama'a, mu dubi aikin motar makaranta. Hanyarta ɗaya ce kullum, an san tsawonta. Takan fita da safe, ta dawo ta yini a tsaye har a tashi yara. Ashe wannan hutu bai isa a ƙara mata caji ba? Yawancinsu kan yi fiye da kilomita 150 kafin batir ya ƙare. Inda hanya ta wuce haka, a bar mai dizal a kanta. Amma don tsawon hanya guda ba a yanke wa dukkan karkara hukunci.

Abin da masu suka ke tsallakewa shi ne lafiyar yaro. Tun a 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo cutar. To, wa ya fi daɗewa cikin motar? Ɗan ƙauye mana, tun da gidansu ne ya fi nisa.

Ba mu ce babu tuntuɓe ba. A Disambar 2024 kamfanin Lion Electric na Kanada ya nemi kariyar kotu saboda bashi, makarantun da suka sayi motocinsa suka shiga tsaka mai wuya wajen gyara. Darasin a fili yake: a tanadi wurin caji, kayan gyara da makanike kafin a sayo mota. Laifin gaggawa ne, ba na lantarki ba.

Mu nan gida, da kuɗin mota ya hauhawa bayan cire tallafin fetur a 2023, kada mu yarda a ce mana sabon abu na birni ne kaɗai. Haka aka yi mana da wuta da ruwan famfo, ga ƙauyuka da dama suna jira har yau.