Kafin a Fasa Daɓe, a Binciki Ƙasar da ke Ƙarƙashinsa

A garuruwanmu, idan daɓen siminti ya tsage ko ya lotsa, magani biyu aka sani: ko dai a kira birkila ya shafe tsagar ya ɗora tayil, ko kuma a fasa daɓen baki ɗaya a sake zuba kankare. A ganina, duka biyun asarar kuɗi ce a galibin lokuta, domin cutar ba a jikin kankaren take ba. Daɓen da magina ke kira jaman fulo kwance yake a kan ƙasa, ita ke ɗauke da shi. Da zarar ƙasar ta janye ta bar kogo, dole ya karye, komai yawan simintin da aka zuba masa.

Mafarin matsalar yawanci ciko ne. Ƙa'idar aiki ita ce a zuba jar ƙasa ko burji hawa-hawa, kowane hawa kimanin santimita 15, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a danne shi sosai kafin a ƙara wani. Tun 1933 injiniya Ralph Proctor ya nuna cewa kowace ƙasa tana da ma'aunin danshin da take fi dannuwa a kansa. Amma abin da ake gani a wuraren gini shi ne tifa ta juye ƙasa da ɓaraguzai, a baje da shebur, a kwarara ruwa, bayan kwana biyu a zuba kankare. Abin takaici, iyayenmu mata da ke daɓe da madaɓi da ruwan makuba sun fi mu fahimtar wannan ilimi, don ba sa barin wuri sai ya daina amsa duka.

Sai kuma ruwa: bututun da ke yoyo a ɓoye, sokawe da aka haƙa dab da bango, ko rufin da ke zubar da ruwan sama a gindin gini. A hankali ruwan ke kwashe lallausar ƙasa. Gara da gafiya su ƙarasa aikin. A Kano akwai ƙarin damuwa, domin an cike kududdufai da dama da shara aka yi gini a kansu, shara kuwa ruɓewa take yi tana raguwa. A sassan Borno da Adamawa kuma baƙar laka ce, wadda ke kumbura da damina ta tsuke ta daddare da rani.

Akwai hanya ta uku, kuma ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1930 ake amfani da ita a Amurka wajen ɗaga titunan kankare da suka nutse. Da farko a bi daɓen ana ƙwanƙwasawa da guduma. Inda ya yi amo kamar ganga, akwai kogo. Sai a huda ramuka masu faɗin da bai wuce santimita 5 ba, a tura kunun siminti da yashi ta cikinsu da famfo. Kunun zai cike kogon, idan an ci gaba da turawa sannu a hankali har ya ɗaga daɓen ya koma daidai, sannan a toshe ramukan. Daga baya aka samo kumfar foliyuretan, wadda ake tura ta ta ƙananan huji, ta kumbura ta sandare cikin mintuna, kuma ba ta ƙara wa ƙasa nauyi. Sai dai sinadaranta daga waje ake shigo da su. Kunun siminti kuwa duk kayan haɗinsa suna kasuwarmu, shi ya sa nake ganin shi ya kamata mu fara runguma.

Masu suka za su ce wannan ɗinki ne a kan tsumma. Suna da gaskiya a wasu wurare. Idan ba a tsayar da yoyon ruwa ba, kogon zai dawo. Idan shara ce jibge a ƙarƙashi, nauyin kunun ma zai ƙara nutsar da wurin, gara a fasa a kwashe ta. Baƙar laka kuma ba ta jin kunu. Ita sai an hana danshinta sauyawa ta hanyar magudanai da daɓe kewaye da gini, ko a gauraya ta da ƙonannen farin dutse tun kafin a fara aiki. Haka nan idan tsagar ta hau bango ta karkace, magana ta koma kan harsashi, aikin injiniya ne mai rajistar COREN. Matsin famfo da ya yi yawa ma yana iya fasa bututu ko ya ƙara tsaga daɓen. Amma duk waɗannan hujja ce ta a yi bincike kafin a taɓa komai, wanda shi ne abin da mai shafe da mai fasawa ba sa yi.

Inda abin ya fi damuna shi ne gine-ginen jama'a. Azuzuwan firamare nawa ne ake sabunta daɓensu, bayan damina biyu yara su koma zama a cikin rami da ƙura? Kwangilar gyara tana biyan kuɗin kankare da fenti, wato abin da ido ke gani ranar miƙa aiki, ba ta tanadi ko sisi domin gwajin ƙasa ba. Ya dace hukumomin da ke ba da irin wannan aiki su shardanta rahoton musabbabin lalacewa kafin a amince da farashi. Sassan injiniyanci na jami'o'inmu da Cibiyar Binciken Gini da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, su gwada haɗin kunu da ya dace da ƙasarmu, har da tokar ɓuntun shinkafa da ke jibge a masana'antun casa, wadda ke iya maye gurbin wani kaso na siminti. Sakamakon kuma a rubuta shi da Hausa, da ma'aunin kwano da baro, domin birkilan da zai riƙe tiyon da shi yake awo.