LAFIYA UWAR JIKI: Kurumta Ba Ta Sallama

A wannan wata filin namu zai leƙa cikin kunne, mu ga yadda yake aiki da abin da ke kashe shi.

Abin da muke gani a waje, wanda ake huda wa 'yan mata, mazurari ne kurum mai tattara ƙara. Ƙarar tana bin rami har ta iske dodon kunne, wata 'yar fata da aka ɗame kamar ta kalangu. Da ta buge shi sai ya yi rawa. A bayansa akwai 'yan ƙasusuwa 3 a jere, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su ke miƙa rawar zuwa wani ɗaki can ciki mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A nan akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen 15,000. Ruwa ya motsa, gashin ya ranƙwafa, sai jijiya ta kai labari ƙwaƙwalwa.

To, kurumta iri biyu ce. Akwai ta toshewar hanya: dauɗar kunne ta cushe ramin, ko ruwa ya taru bayan dodon kunne sanadin mura, ko dodon ya huje. Wannan galibi tana da magani. Amma fa uwar da ɗanta ke zubar da mugunya ta kunne wata da watanni, tana ɗiga masa mai tana cewa zai bari in ya girma, ta sani ciwon cin dodon kunne yake yi, har ya kai ga ƙasusuwan. A kai shi likita. Tsinken ashana da gashin kaza kuwa tura dauɗar ciki suke yi, wani lokaci su huda dodon.

Ta biyun ita ce abin tsoro, wato mutuwar ƙwayoyin nan masu gashi. Wadda ta mutu ta tafi ke nan, ba ta sake tsirowa, kuma ba zafi ba jini balle mutum ya farga. Tsufa na cinye su a hankali, amma ƙara ta fi shi gaggawa. Masana na auna ƙara da ma'aunin desibel. Iyakar da suka sa wa ma'aikaci ita ce 85 na awa 8 a yini, in kuwa ta ƙaru da 3 kacal sai a raba lokacin biyu. Ba sai da na'ura ba: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, wurin ya kai. Ku tuna yaron da ke wuni a bakin injin niƙa, da mai walda, da 'ya'yanmu da ke zama gindin lasifika ranar biki, da matasan da ke kwana da kiɗan waya a kunne. Alamar farko kunne ya dinga kuka da dare. Daga baya mutum ya ce yana jin ana magana amma ba ya ganewa, musamman a kasuwa, domin siraran sautuka irin su "s" da "ts" ne ke fara ɓacewa. Sai a ce wai miskilanci ne. A ganina mai injin da ya iya sayen man gas bai rasa kuɗin matoshin kunne na roba ga yaronsa ba. Auduga ba ta tare ƙara yadda ake zato.

Sai cututtuka: ƙyanda, hangum, da babbansu sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 250,000 a ƙasashenmu na Sahel, ta kashe wajen 25,000, da yawan waɗanda suka tashi kuma sun tashi ba ji. Rigakafin da aka soma a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ya karya lagon nau'i ɗaya na cutar, sauran suna nan. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa tun da wuri. Haka allurar gentamicin da streptomycin na iya kashe ƙwayoyin, don haka kada a yarda mai tallar magani ya yi wa kowa su ba da umurnin likita ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.