Kafin a kwantar da iyayenmu mata a yi musu aikin mahaifa, a faɗa mana abin da za a saka

 Maganar yau ta kunya ce, to amma kunyar nan ita ke cinye matanmu a ɗaka.

Kowa ya san zazzagowar mahaifa, ko da bai san sunanta ba. Mace ta haihu bakwai, takwas, wata naƙudar ta kwana biyu a gida, ba ta gama arba'in ba ta koma daka da ɗaukar ruwa da itace tana hawan duwatsun Adar. Naman da ke riƙe da mahaifa da mafitsara ya saki. Sai ta riƙa jin wani abu yana leƙowa ta gabanta, fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi tsayawa. Mai gida na ci-rani a Abijan ko Libiya, wa za ta gaya wa?

Ciwon yana da magani. Akwai zoben roba da ungozoma ko lokotoro ke sakawa ya tallafe mahaifa, ana cire shi a wanke. Akwai aikin da ake ɗinke wurin da naman jikin macen kanta, wani lokaci a cire mahaifar. Sai na uku, wanda ya sa muka ɗauki alƙalami: raga.

Raga ce ta roba, dangin robar da ake saƙa buhun shinkafa, sai dai an tace ta don aikin likita. Ana shigar da ita ta gaban mace a shimfiɗa, nama ya tsiro cikin ƙofofinta ya riƙe. A Turai da Amurka an yi ta yabonta. Daga baya mata suka fara dawowa: ragar ta huda nama ta fito, jini da ruwa mai wari, zafin da ke hana zama, wasu ta shiga mafitsara ko hanji, saduwa ta gagara, har mijin kan ji tana sukarsa. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a 2008, ta sake a 2011, a watan Afrilun 2019 kuma ta hana sayar da ragar da ake sakawa ta gaba don wannan ciwo. Ostareliya ta riga ta tun 2017. Ingila ta dakatar a 2018, Faransa a 2020.

Cire ta fa? Nan ne gizo ke saƙa. Ba zare ba ce da za a ja ta fito. Idan ɗan gefe ne ya leƙo, ana iya shafa magani ko a yanke wurin. Amma fitar da ita duka aiki ne na ƙwararru ƙalilan, don hannuwanta kan bi ta kusa da ƙashi da jijiyoyi. Wata sai an shiga da ita ɗakin aiki sau biyu ko uku, kuma ba lallai zafin ya tafi ba, mahaifar ma tana iya sake saukowa. Wannan a ƙasashen da ke da kayan aiki ke nan. Ku auna da matar da kuɗin motar zuwa Tawa ma sai an sayar da akuya.

Mun san abin da wasu za su ce: aikin kyauta aka kawo, mene ne na tambaya? Mu kuwa muna cewa kyautar ba ta mayar da jikin uwarka na wani ba. Ba zargin wata likita muke ba. Amma mun sha ganin kayan da aka ƙi a waje sun ƙare a kasuwanninmu, daga magani har maganin ƙwari, don haka tambaya haƙƙinmu ce. Duk wanda ya raka mace, ko likitar Buza ce, ko Galmi, ko cibiyar uwa da yaro ta Tawa, ko Issaka Gazobi a Yamai, ya tambaya da ladabi: da naman jikinta za a gyara ko da raga? In raga ce, ta ciki za a saka ko ta gaba? Ba ɗaya ba ne, wadda ake sakawa ta hanyar buɗe ciki har yanzu ana aiki da ita. Sannan a rubuta a karne, da sunan abin. Baƙin likitoci na tafiya bayan sati biyu, takarda ce ke zama.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu jin wannan su ce to a guji likita, a kira wanzami. Kul! Yankan gishiri bai taɓa mayar da mahaifa wurinta ba, yoyon fitsari yake jawowa, ga masu jinya a Danja kusa da Maraɗi sun isa shaida. Wadda aka taɓa saka wa raga kuma ba ta jin komai, kada ta tayar da hankalinta, likitoci ba sa cire wadda ba ta damun mai ita. In ta ga jini, ko wari, ko zafi, ta fara da CSI mafi kusa a ba ta takardar wucewa gaba.

Muna kira ga hukumomin garin Allakaye da shugabannin likita na Buza, Madawa da Keita: duk ayarin da zai zo aikin mata, a sanar a rediyo da Hausa irin aikin da zai yi, a kuma faɗi sunan wanda zai duba matan bayan ayarin ya tafi.